Jinin Muhsina

Ruwan farko ya sauka da asuba, kafin rana ta ɗaga ƙauyen ya watse zuwa gonaki. Maza sun saɓa sungumi, mata na biye da ƙoren irin hatsi a ka, yara na tsalle cikin kududdufai suna ihu kamar ranar salla. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga kowane ɗaki.

Ya shiga ɗakin Tsahara ma, amma ita ba ta shaƙe shi da murna ba. Tana durƙushe gaban tabarma, tana tsoma tsumma cikin ruwan zafi, ta matse, ta naɗe ƙafafun 'yarta da shi. Muhsina shekarunta takwas, amma wanda bai sani ba zai ce biyar. Ta ƙanƙame bakin tabarmar da siraran yatsunta, idanunta da suka yi launin ɗorawa sun kafe a kan azarar ɗaki.

"Inna, ƙashina. Kamar ana daka shi cikin turmi."

"Sannu, uwata. Yanzu za shi lafa."

Tsahara ta san ba yanzu zai lafa ba. Duk lokacin da sanyi ya taɓa jikin yarinyar, sai an yi kwanaki ana wannan daka.

Mijinta Rabo ya tsaya bakin ƙofa da sungumi a hannu. Ya dubi yarinyar, ya dubi sama inda sauran hadari ke wucewa yamma. Shuka ba ta jiran mai jinya.

"Allah shi sawwaƙe," ya ce ƙasa-ƙasa, ya juya.

Yana barin wurin, mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Iya, ta leƙo.

"Ayashe ta taso da halin nata? Na sha gaya miki, Tsahara, kada ki sa ranki gare ta. Irin waɗanga baƙi ne. Su leƙo, su ci abin da sunka ci, su koma."

Iya ce ta laƙaba wa yarinyar wannan suna tun ranar da aka raɗa mata na yanka, wai don mutuwa ta ɗauka ba a damu da ita ba, ta wuce ta bar ta. Kafin Muhsina, Tsahara ta haifi uku, maza biyu da mace. Kowannensu da kumburin hannu da ƙafa ya fara tun yana goye, babu wanda ya kai shekarun fita kiwo. Tun daga na biyun aka daina kiranta Tsahara a bayan idonta, sai mai wabi. A gidan suna, in ana miƙa jariri daga cinya zuwa cinya, yana zuwa kusa da ita sai wata ta tuna lokacin ba shi nono ya yi. Ba wanda ya taɓa zaginta. Matsawa kawai ake yi kaɗan, a bar mata fili a kan tabarma, fili mai yawa.

Ta canza ruwan da ya huce, ta ci gaba da gashi. Daga nesa tana jin waƙar masu shuka.

* * *

Bayan kaka, ranar kasuwar Alela, Tsahara ta kai ɗan wakenta ta sayar, Muhsina na riƙe da gefen zanenta. A harabar likita, wato asibitin garin, ta ga wata farar mota kat-kat, an kafa tebur ƙarƙashin dogon yaro. Mai shela yana zagawa yana cewa baƙi sun zo daga Birnin Ƙonni, suna neman yara masu yawan ciwon ƙashi. Mutane sun yi cirko-cirko daga nesa, ba wanda ya matsa.

Wata mata mai farar riga a kan atamfa ta taso daga teburin, ta nufo su. Ba ta fara da uwar ba. Tsugunawa ta yi gaban Muhsina, ta yi mata murmushi, ta duba cikin idanunta da tafin hannunta, sannan ta ɗago.

"Ina wuni, Yaya. Sunana Zuwaira, mutuniyar Malbaza ce ni, ina aiki ɗakin binciken jini. Ɗiyar nan takan yi kuka da ƙashi in anka yi sanyi? Kin taɓa rasa wasu da irin wanga ciwo?"

Malamai da bokaye da yawa sun gaya wa Tsahara abin da ke damun 'ya'yanta, amma ba ta tuna wanda ya fara da tambayarta ba.

Mako na zagayowa ta ɗauki yarinyar, suka hau amalanken shanu zuwa bakin hanya, suka shiga motar kasuwa har Ƙonni. Wurin wani gida ne na haya a cikin lungu, nesa da hayaniyar tasha da 'yan kabu-kabu, an jera faifan hasken rana a kan rufinsa. Ciki fari fat, da sanyi, da gurnanin firji wanda ba ya tsayawa. Samari masu safar roba a hannu suna jera ƙananan kwalabe cikin wata na'ura mai juyawa kamar dutsen niƙa. Tsahara ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta rasa inda za ta sa idonta.

Aka ɗebi jinin Muhsina kaɗan. Da aka jima, Madam Zuwaira ta kira uwar gaban wani madubi mai dogon wuya, wanda ke ƙara girman abin da ido ba ya gani.

"Rufe ido guda, ki leƙa nan."

Da farko haske kawai ta gani. Sannan wasu abubuwa jajaye-jajaye suka fito, birjik. Wasu kewayayyu ne kamar ƙananan waina. Wasu kuwa sun lanƙwashe, da tsini baki biyu.

"Waɗanga kamar lauje," in ji Tsahara.

"Kin gan su ke nan. Jinin kowa da kewayayyun shike tahiya, suna mirginawa cikin jijiya ba abin da ke tare su. Na ɗiyarki, da yawa sun zama lauje. In sanyi ya kama ta ko zazzaɓi, sai su sarƙe da juna su toshe hanya, kamar amalanke biyu sun gamu cikin ƙaramin lungu. Inda jini bai kai ba, nan ƙashi ke kuka. Amosanin jini ke nan. Wasu su ce emasi, ƙetaren iyaka su ce sikila."

"To ba iska ba ne? Ba wabi ba?"

"Gado ne, Yaya. Kuma uwa ita kaɗai ba ta ba da shi. Sai uba ya kawo rabi, uwa ta kawo rabi, sannan shi kama yaro."

Tsahara ta ɗago daga madubin.

"Sake faɗi, Madam."

Ta sake faɗi, a hankali. Tsahara ta zauna a kan kujerar roba, ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska. Shekara da shekaru tana ɗauke da kaya ita kaɗai, wuyanta ya saba, ashe rabin kayan na wani ne.

Madam Zuwaira ta jira har ta share ido, sannan ta yi mata bayanin aikinsu. Akwai wani magani da ke rage laujen nan, ana shan shi a wasu ƙasashe. Su kuma suna so su gano yadda zai yi wa yaran wannan yanki, masu fama da zazzaɓin sauro da zafi da ƙarancin abinci. Yaron da ya shiga, za a riƙa ba shi ƙwayoyin kyauta, duk wata a ɗebi jininsa a duba.

"Amma ki ji da kyau, binciken na shekara biyu ne."

Tsahara ta ji. Sai dai macen da ba ta da tabbacin 'yarta za ta ga damina mai zuwa, shekara biyu a wurinta kamar ƙarshen duniya ne.

* * *

Ta sami Rabo da la'asar yana gyaran jinkar rumbu. Ta tsaya daga ƙasa ta zayyana masa duk abin da ta gani, har ta zo kan maganar rabi da rabi. Hannunsa ya tsaya a kan igiya.

"Sun ce in kai ma ka ba da naka a auna, Malam, sai a tabbata."

"Ba ni ba da shi."

"Don mi?"

Ya sauko daga tsani, ya karkaɗe rigarsa. Ba da faɗa ya yi maganar ba, muryarsa ta mai gajiya ce.

"In anka auna anka ce akwai shi gare ni, gobe duk garin ga ya ji. Ƙannena mata biyu na nan gida. Wa za shi zo neman aurensu? Ɗiyan yayyena hwa? Gida guda za ki sa a yi wa tambari."

"Ni hwa? Shekara nawa ana nuna ni da baki?"

Ya juya ya kama tsani.

"Ke kin riga kin saba," ya ce.

Duk da haka ya bi su Ƙonni, don ba a sa yaro sai da yardar uba. Aka karanta musu sharuɗɗan da Hausa, ya dangwala yatsa, ya fita ya zauna bakin ƙofar gidan, hannayensa cikin aljihu. A hanyar komawa ya ce mata kada ya ji maganar rabin nan a bakin kowa, balle Iya.

Da rani ya tafi ci-rani Legas kamar yadda ya saba. Sai dai wannan karon damina ta faɗi bai dawo ba. Ƙaninsa ya noma gonar. Saƙonsa kan zo ta waya lokaci-lokaci, a hannun Iya yake sauka, a ƙarshensa a ce yana gaida mutanen gida.

* * *

Maganin bai nuna kansa nan da nan ba. Sai da aka yi watanni Tsahara ta lura ɗorawar idon ta fara washewa. Yarinyar da ake lallashi ta ci loma uku ta koma suɗe kwano. Kumatu suka fito. Wata safiya ta ɗauki ƙaramin tulu ta bi yara rijiya ba tare da an aike ta ba, ta dawo rabin ruwan ya zube mata a jiki, tana dariya. Tsahara ta ruga da zane ta goge ta, ta zauna jiran kukan ƙashi. Har rana ta faɗi bai zo ba.

Aka sa ta lakwal, makarantar boko. Ta fi 'yan ajinsu shekaru, amma ba ta damu ba. Takan dawo ta zauna gindin turmi tana rera wa uwarta ƙirgen Faransanci, in Tsahara ta gwada ta karkace harshe, sai yarinyar ta faɗi ƙasa don dariya.

Duk wata suna zuwa Ƙonni. Muhsina ta saba da wurin har ta san sunan kowa. Ita ke naɗe hannun rigarta da kanta, ta kau da kai, a ɗiba, a ba ta kwalbar ƙwayoyinta ta rungume. Wani lokaci Madam Zuwaira kan ɗaga ta ta leƙa madubin, su yi ta neman lauje tare.

"Yau guda-guda na gani, Madam!"

"Sun ji tsoronki sun gudu."

A ƙauye kuwa wata magana ce ta tashi. An ce mai wabi ta sami kasuwa, tana kai ɗiyarta birni ana tatsar jininta ana sayar wa Nasara. Wasu suka ce a kwalabe ake tara shi a yi tsafi. Ƙibar da yarinyar ta yi ma ba ta wanke uwar ba, cewa aka yi ai ko rago sai an kiwata shi. A rijiya, in Tsahara ta iso, hira kan mutu, sai ƙarar guga. Maƙwabciyarta Kubra, wadda ɗanta na goye ya fara kumburin yatsu, ta taɓa tsayar da ita a bayan danga ta tambaye ta hanyar gidan binciken cikin raɗa. Washegari da suka haɗu gaban mutane, Kubra ta ɗauke kai kamar ba ta san ta ba, kuma ba ta taɓa kai yaron ba.

Sau da yawa maganar rabi da rabi takan zo wa Tsahara har bakin harshe, musamman in Iya na yi mata gorin zuri'a. Sai ta haɗiye. Mutum ɗaya ne a duniya take iya yin wannan hira da shi, ita ma sau ɗaya a wata, tsakanin allura da auduga.

Amma in ta ga Muhsina ta dawo daga lakwal a guje, allo na karkaɗa a wuyanta, sai ta ce a ranta su yi ta faɗi.

* * *

Ranar da suka tarar da babbar mota a ƙofar gidan binciken, Tsahara ta ɗauka sababbin kaya aka kawo. Sai da ta ga ƙarti sun fito da firji sun ɗora, wani kuma yana kan rufi yana kwance faifan hasken rana.

Madam Zuwaira na tsaye a tsakar ɗakin da ya zama wayam. Ba farar riga a jikinta.

"Yaya, shigo. Watan jiya na so in tuna miki, bakina ya yi nauyi. Shekara biyun sun cika."

Tsahara ta dubi bango, inda sawun na'urori ya bar fari a cikin fari.

"Maganin bai yi ba ne?"

"Ya yi. Ya yi ƙwarai. Yaran da munka bi, kusan duka ciwonsu ya ragu. An rubuta, manyan likitoci na ƙasashe sun karanta, sun yaba."

"To tunda ya yi, don mi za a bari?"

Madam Zuwaira ta ce masu ɗaukar nauyin aikin daga waje tambaya suka zo da ita, sun kuwa sami amsa. Ta ce shugabanninta sun kai kuka inda ya kamata, cewa a ci gaba da ba yaran magani, an ce ana dubawa. Ta ce ita ma an mayar da ita babban ɗakin bincike a Yamai. Tana magana tana kallon Muhsina, wadda ta riga ta naɗe hannun riga tana neman kujerar da ta saba zama.

"Yau ba a ɗiba, ƙawata. Sauke rigarki."

Ta ɗauko kwalabe uku daga jakarta ta damƙa wa Tsahara, da takardar sunan maganin.

"Iyakar abin da ya rage ke nan. In sun ƙare, ki gwada farmasi, inda ake sai da magani. Ki riƙa ba ta ruwa da yawa, ki kiyaye ta da sanyi da sauro."

"Madam, wanga duk na san shi tun kafin in san ki."

Ba da gatse ta faɗa ba. Madam Zuwaira ta riƙe hannunta da hannu biyu har direban babbar motar ya danna oda.

* * *

Kwalba ta farko ta ƙare, ta biyu ta bi ta. Da aka shiga ta uku, Tsahara ta koma ba ta yau, ta hana ta gobe. In Muhsina ta miƙo hannu ranar hani, sai ta ce mata ai jikinta ya yi ƙarfi, ba kullum ba yanzu.

Ta zaga farmasin Ƙonni da takardar a ƙulle a bakin zane. Wani ya juya ta ya ce bai taɓa ajiye irinsa ba. Wani ya ce sai an aiko daga Yamai, da ya faɗi abin da za ta biya na wata guda, sai ta yi masa godiya ta fita. Ta sayar da akuyarta, wani ɗan kabu-kabu mai shiga ƙetaren iyaka ya samo mata kwali ɗaya. Ta aika wa Rabo. Amsa ta zo ta bakin Iya, cewa kasuwa ta yi wuya, a yi haƙuri, a dage da addu'a.

Ɗorawar ta dawo idon a hankali, kamar yadda ta tafi. Kukan ƙashi ya dawo. Sannan wata safiya cikin bazara, Muhsina na shan kunu, ludayin ya suɓuce daga hannunta. Ta dube shi a ƙasa da mamaki. Ta juyo za ta yi magana, Tsahara ta ga bakin ya karkace gefe guda, kunu na dalala.

A likita aka ƙara mata ruwa da jini, aka ce laujen ne ya toshe wata hanya a cikin kai. Ta rayu. Amma ta dawo gida hannun hagu na lilo, ƙafar na jan ƙasa, magana kuma sai ta yi ta kokawa da kalma kafin ta fito.

Mata suka zo dubiya, suka tsaya daga bakin ƙofa, suka ce Allah shi ƙara sauƙi. A waje Tsahara na jin su.

"Sun tsotse ta sun yar."

"Ai an faɗa mata."

Iya ba ta bi sahunsu ba wannan karon. Kullum da hantsi takan shigo da man shanu a 'yar kwalba, ta zauna ta murza mataccen hannun tun daga kafaɗa har yatsu, ta tashi ta fita ba tare da ta dubi uwar ba.

* * *

Ana cikin sussukar hatsi farar kat-kat ta shigo ƙauyen, ta tsaya ƙofar gidan. Mata suka bar turame suka yi tsaye a bakin danga.

Madam Zuwaira ce. Ta rame, ko kuwa farar rigar ce ta yi mata yawa. Ta yi sallama ta shigo da jaka a kafaɗa. Muhsina na kwance a inuwar zaure. Da ta gane mai shigowa, rabin fuskarta ya yi murmushi.

"Ma… dam."

Madam Zuwaira ta tsaya cik. Ta durƙusa, ta ɗauki hannun hagun, ta sake shi a hankali, ta ga yadda ya faɗi.

Tsahara ta kawo ruwa, suka gaisa. Ta bari baƙuwar ta sha, sannan ta yi tambayar da ke cinta tun da ta ji ƙugin mota.

"Kin zo da shi?"

"A'a, Yaya. Na zo da na zazzaɓi da na ƙarin jini, daga aljihuna. Wancan ba a ba mu ba."

"To mi ya kawo ki?"

"An aiko ni in bi yaran gida-gida. Ana so a auna a ga yadda jininsu ya koma bayan an tsai da maganin."

Tsahara ta dube ta, ta dubi 'yarta.

"Sai an auna? Ga shi nan kwance."

"Na sani. Gidaje biyu na shiga jiya wajen Illela, kabari anka nuna mini. Amma waɗanda ke da ikon sa hannu ba su ganin tabarma, Yaya, abin da na'ura ta rubuta suke gani. In munka kai musu, wataƙila su motsa."

"Wataƙila."

"Ba ni yi miki alkawarin da ba ni iya cikawa. Kuma kina da iko ki ce a'a. Ko kin ƙi, ba abin da za shi canza tsakaninmu."

Tsahara ta buɗe baki za ta ce a'a, ta faɗa da ƙarfi yadda matan bakin danga za su ji. Sai ta ji motsi a kan tabarma.

Muhsina ce ke ƙoƙarin tashi zaune. Ta sa hannun dama ta kamo na hagun, wanda a nan aka saba ɗiba, ta jawo shi kamar mai ɗaukar kayan wani, ta ɗora a cinyar Madam Zuwaira. Ta yi ta fama da hannun rigar har ta ture shi sama. Sannan ta kau da kai gefe.

"Ɗi… ba. Sai ki… ba ni… ƙwayata."

Madam Zuwaira ta dubi Tsahara, idanunta sun cika. Tsahara ta juya fuskarta ga bango, ta ɗaga kai sau ɗaya.

Kwalabe biyu ƙanana aka cika. Madam Zuwaira ta liƙa musu lamba, ta danna auduga a gwiwar hannun, ta ce wa yarinyar ta riƙe. Direba ya kawo wani shuɗin akwati, ya buɗe, tururin ƙanƙara ya taso. Aka jera kwalaben a tsakiya, kowace a raminta na soso, aka rufe.

Tsahara ta bi su har mota.

"Madam, tunda Yamai za ku, ku tahi da ita mana. An ce can akwai babbar likita ta masu irin ciwon. Ni ko bayan mota sai in zauna."

Direban ne ya amsa, da ladabi, yana goge madubi.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Doka ce, motar aiki ba ta ɗaukar marar lafiya. In wani abu ya faru a hanya, ni za a kama."

Madam Zuwaira ta ce za ta yi magana in ta isa, za ta kira. Ba ta iya haɗa ido da ita ba. Direba ya ɗora akwatin a kujerar gaba, ya zagaya shi da ɗamara ya ɗaure, ya kunna sanyin mota, ya rataya tawul a tagar don kada rana ta taɓa shi.

"Ka bi a hankali," in ji Madam Zuwaira daga baya. "Ba a son shi girgiza."

Motar ta tashi sannu-sannu, tana kauce wa kowane rami, har ta ɓace bayan rumbuna. Matan suka koma kan turamensu.

Da Tsahara ta dawo zaure, inuwa ta gusa, rana ta kai rabin tabarmar. Ta kama bakinta ta ja, da yarinyar a kai, zuwa jikin bango. Muhsina ba ta kwanta ba. Tana zaune, ta danne audugar da yatsa kamar yadda aka ce mata, tana kallon ƙofa.